Tura ma'aikaci aiki zuwa Maraɗi: wace takarda ake buƙata yanzu?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokokin aiki a Jamhuriyar Nijar, domin wani al'amari ya cije mana a ofis.

Kamfaninmu da ke Kano yana son tura injiniya, ɗan Najeriya, ya zauna Maraɗi na tsawon shekara guda don kula da injinan matse man gyaɗa. A da, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, amma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da barin 'yan Nijar su yi zirga-zirga a ƙasashenta, sai dai wannan bai gaya mana yadda Nijar take ɗaukar ɗan Najeriya da ya je aiki ba.

Inda muka tsaya shi ne kwangilar. An shaida mana cewa sai hukumar samar da aikin yi ta Nijar, wato ANPE, ta buga hatimi a kan kwangilar baƙo kafin ya fara aiki, alhali mu ba mu da reshe mai rajista a can, kuma daga Kano za a riƙa biyan albashinsa. Shin abokin hulɗarmu na Maraɗi zai iya shigar da takardun a madadinmu? Kuma wanne ake fara nema, katin zama ko hatimin kwangilar?

Don Allah, wanda ya bi wannan hanya bayan ficewar ya taimaka mana da bayani. Na gode.