Ina son kafa tankin murjani na ruwan gishiri a gida: daga ina ya kamata in fara?

Mai Kifin Ado, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina ajiye kifin ado na ruwan daɗi a falona, kuma yanzu hankalina ya karkata ga tankin ruwan gishiri, irin wanda ake raya murjani a cikinsa tare da 'yan kifayen teku kaɗan. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60 wanda ba na amfani da shi, ina kuma da rijiyar burtsatse a gida. Shin zan iya haɗa ruwan burtsatsen da gishirin girki in fara da wannan tankin? Tsawon wane lokaci ake jira kafin a zuba kifi da murjani? Wanda duk ya taɓa yi ya taimaka mini da bayani, domin ba na son in sayi abu mai rai ya mutu a hannuna saboda rashin sani. Allah ya saka da alheri.

Mazaunin Jidda

Wa alaikumus salam Malam. Gishirin girki ba zai yi ba ko kaɗan. Ruwan teku yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sinadaran kabonet waɗanda murjani ke gina ƙashinsa da su, gishirin girki kuwa ba shi da su, sannan ana ƙara masa ayodin da maganin hana dunƙulewa. Abin da ake amfani da shi garin gishiri ne da aka haɗa musamman don wannan aiki, kamar na Instant Ocean ko Red Sea ko Tropic Marin. Ana narkar da kimanin giram 35 a kowace lita ɗaya, har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025 ko 1.026. Ka nemi ma'auni mai aiki da haske, wato rifiraktomita, wanda ake ɗiga masa ɗigon ruwa a leƙa ta ido ɗaya, domin ya fi na roba mai allura gaskiya.

Ruwan burtsatse ma ban yarda ka zuba shi kai tsaye ba, ko da kuwa yana da kyau a ido kuma ana shan sa lafiya. Yakan zo da naitiret da fosfet da silika, wani lokaci har da ɓurɓushin ƙarfe, kuma waɗannan su ne abincin gansakukar da za ta rufe maka duwatsu. Sai ka sanya na'urar tace ruwa ta RO/DI, ka riƙa haɗa gishirinka da ruwan da ta tace, a cikin bokiti mai tsabta daban, ka bar shi da ƙaramin famfo yana motsa shi har washegari kafin ya shiga tanki.

Batun jira kuwa, shi ne inda yawancin masu farawa suke yin asara. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a ramukan duwatsu da cikin yashi, wasu suna mayar da amoniya zuwa naitirait, wanda shi ma ba a son sa, wasu kuma suna mayar da naitirait zuwa naitiret, wanda illarsa kaɗan ce kuma ana rage shi ta hanyar canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, sai an raya su. Za ka jera duwatsu, ka zuba yashi da ruwa, ka kunna famfuna, ka jefa ɗan guntun jatan lande ko ka ɗiga amoniya tsantsa, sannan ka riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya biyo baya ya hau ya sauka. Ranar da dukansu biyu suka koma sifili, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya nuna. Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. A tsakanin nan wata ƙura mai ruwan ƙasa-ƙasa za ta lulluɓe yashi da gilashi har ranka ya ɓaci, amma kada ka tayar da hankalinka, ƙananan halittu ne masu cin silika, kuma da kansu suke ja da baya idan ta ƙare.

Lita 60 ta yi kaɗan ga mai koyo. Ruwa kaɗan yana saurin canzawa, kamar yadda ƙaramar tukunya take riga babba tafasa. Ina ba ka shawarar lita 200. Za ka buƙaci kimanin kilo 7 na gishiri a cikawar farko, sannan canjin lita 20 a kowane mako zai ci giram 700. Ka kuma tanadi teburi mai ƙarfi, domin ruwa da duwatsu da gilashi za su kusanci kilo 300.

Injiniyan Sola, Abuja

Duk abin da ɗan'uwanmu na Jidda ya faɗa daidai ne, amma a ganina, ga wanda yake zaune a Kano, gishiri da gwaji su ne na biyu. Na farko shi ne zafi da wutar lantarki, kuma idan ba a warware waɗannan biyun ba, kada a sayi ko dutse ɗaya.

Murjanin da ake sayarwa yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26, dare da rana. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska kuma zai tura ruwan tanki ya haura 30, balle a ƙara da zafin fitila da na famfuna. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma a irin wannan zafi ba ta isa ba, dole sai na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai sanyi kullum. Da hunturu kuma lissafin yakan juya, domin da asuba sanyi yana sauka sosai, sai an sanya hita mai kashe kanta. Busasshiyar iskar hunturu tana kwashe ruwa da sauri, kuma a nan akwai abin lura: ruwa ne kaɗai yake tashi, gishiri yana nan. Saboda haka abin da ya ragu ana cike shi da tataccen ruwan daɗi, ba da ruwan gishiri ba, in ba haka ba gishiri zai yi ta taruwa har ya kashe komai.

Idan wuta ta ɗauke, fitila ba ita ce abin tsoro ba, murjani yana iya jure kwana biyu ko uku a duhu. Abin tsoro shi ne tsayawar famfo, domin ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma cikin 'yan sa'o'i za ka ga kifi ya taso sama yana haki. Famfunan motsa ruwa ba sa cin wuta sosai, don haka ka ɗora su a kan inbata da batir da ba a taɓa kashewa. Na'urar sanyaya ruwa ce mai jan wuta, ita za ka fara lissafawa kafin ka san yawan faifan sola da batir da za su ishe ka. Ka kuma ɗaga soket sama da gefen tanki, saboda feshin ruwa yana bushewa ya bar farin ɓawon gishiri a ko'ina, kuma gishiri mai laima yana wuce da wuta.

Mai Kifin Ado, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ina da sola da inbata a gida, zan sake lissafi da na'urar sanyaya ruwa a ciki. To idan tanki ya nuna, da wane murjani da wane kifi ya dace in fara?

Malamar Bayoloji, Zariya

Malam, kafin zaɓi yana da kyau ka san cewa murjani dabba ce, kuma a cikin naman jikinsa akwai ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ke haɗa masa mafi yawan abincinsa da haske. Dalilin da ya sa fitila mai ƙarfi, mai rinjayen shuɗin haske, ta zama tilas ke nan, kimanin sa'a takwas zuwa goma a rana. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda ya saba, ko da da digiri ɗaya ne na tsawon makonni, murjani yakan kori waɗannan tsirrai ya yi fari fat, sannan yunwa ta kashe shi. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, ya kuma faru a babban jerin murjani na Ostireliya a 2016 da 2017. Abin da Injiniya ya yi maka gargaɗi a kai ke nan, sai dai a falo zai faru cikin kwanaki.

Ka fara da murjani mai laushi, wanda ba ya gina ƙashi mai tauri, kamar Discosoma mai siffar faifai da Sarcophyton mai kaurin fata, domin suna haƙuri da ƙananan kurakurai. Acropora mai rassa, wanda hotonsa ke jan hankalin kowa, ka bar shi sai tanki ya shekara kuma ka iya riƙe kalsiyam tsakanin miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, da yawan sinadaran kabonet tsakanin 8 zuwa 9 a ma'auninsu da ake kira dKH, ba tare da hawa da sauka ba. Ina kuma roƙonka ka yi hattara da Palythoa da danginsa, waɗanda ake yawan ba masu koyo saboda sauƙinsu: wasunsu suna ɗauke da guba mai tsanani da ke shiga ta rauni ko ido. A sa safar hannu da tabarau, kada a kankare dutsen da suke kai ko a zuba masa tafasasshen ruwa, musamman a gidan da yara suke.

A ɓangaren kifi, ka nemi Amphiprion ocellaris guda biyu, mai ruwan lemo da fararen zane uku, kuma ka tambaya ko a tanki aka ƙyanƙyashe su. Waɗanda aka haifa a tanki sun saba da abincin gwangwani, sannan sayensu ba ya ƙarfafa masu kama kifi da gubar sayanaid, abin da ya lalata murjani da yawa a Filifin da Indonesiya. Murjani mai tauri kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini, don haka ka nemi ganin takardun mai shigo da shi.

Mazaunin Jidda

Malama ta gama magana, ƙari ɗaya kawai zan yi. Tankin lita 60 ɗin nan kada ka sayar da shi, ka mayar da shi wurin killace sabon kifi. Duk kifin da ka saya ya zauna a can mako huɗu kana lura da shi, domin cutar fararen ɗigo tana yawan zuwa da sababbin kifaye, kuma maganinta yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande, ya kuma maƙale a duwatsu ya daɗe. Ba a taɓa zuba wannan magani a babban tanki. Ka ware wa ƙaramin tankin ragarsa da bokitinsa da tiyonsa, ka yi musu alama da fenti don kada su haɗu da na babban.