Ɓeraye a gidan gona: abin da muka gwada da inda yake lalacewa

Manomin Dawa, Funtuwa:
Assalamu alaikum jama'a. An gama kaka, amfani ya shigo gida, ɓeraye sun biyo shi. Kowa ya kawo abin da ya gwada da hannunsa a rumbu, ɗakin ajiya ko akurkin kaji. Zan fara da gano hanyarsu, don mutane da yawa suna ɗana tarko a inda ɓera bai taɓa bi ba. Da magariba a barbaɗa toka mai laushi a gindin bango da bakin ƙofa, a duba sawu da asuba. Ɓera jikin bango yake bi, ba ya son ratsa fili. Duk ramin da aka gani a toshe shi da ƙasa ko takarda. Wanda aka tarar a buɗe washegari shi ne mai rai a ciki. A duba kashin kuma: ƙanana kamar ƙwayar shinkafa na ƙaramin ɓeran ɗaki ne, manya kamar ƙwayar wake na babba ne, kuma tarkonsu ba girma ɗaya ba.

Baba Magini, Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Malam ya fara daidai, sai dai kafin kisa akwai rufe ƙofa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafa mai faɗin milimita 6, wato in bakin biro ya shiga, shi ma zai shiga. Ƙasan ƙofar katako a buga mata kwano mai tsayin kamar santimita 30, don nan yake fara gwaguya. Taga da kafar iska a sa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu. Ragar sauro ta roba dare ɗaya ta ishe shi. Rami a bango kada a cusa tsumma ko laka zalla, a kwaɓa siminti da fasassun kwalabe a liƙe.

Rumbu mai ƙafafun itace a ɗaga gadonsa ya kai mita 1 daga ƙasa. Kowace ƙafa a yanko kwano a naɗa mata kamar malfa, bakin yana kallon ƙasa, ya fito kamar santimita 20 daga jikin itacen, can sama kusa da gadon. In an sa shi ƙasa-ƙasa tsallake shi zai yi. Abin da ke ɓata wannan aiki kullum abu ɗaya ne: a gama duka, wani ya zo ya jingina tsani, galma ko damin kara a jikin rumbun. An yi masa gada ke nan. Haka reshen bishiyar da ya sauko kan jinka.

Hajiya Mai Kaji, Zariya:
Baba ya gama magana a kan gini. A wajen kaji abincin ne ke kiran su. A kwashe mazubin abinci da yamma, a share abin da ya zube, dusa da masara su zauna a durom na ƙarfe mai murfi. Buhuna a ɗora su kan katako, a bar tazarar rabin mita tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa da tocila. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana hana ƙwari, amma in ɓera ya huda shi iska ta shiga, amfaninsa ya ƙare, don haka shi ma kada ya taɓa ƙasa. Harawa, kara da itacen girki a matsar da su nesa da ɗakin ajiya, a nome ciyawar da ke kewaye.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan kusu muke ce masa. Tarko yana aiki in an yi shi da yawa lokaci guda. Guda biyu a babban ɗaki wasa ne. A sa goma ko fiye, taku uku ko huɗu tsakani, bakin da ke ɗauke da abincin yana fuskantar bango. Babban kusu yana tsoron sabon abu, saboda haka a ajiye tarkon da abinci dare biyu ko uku ba a ɗana ba, sai ya saba, sannan a ɗana duka a dare ɗaya. Ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, a ɗaure da zare, in ba haka ba ya zare ya tafi. Allon gam kuwa ƙurar hunturu tana kashe danƙonsa cikin kwana kaɗan, kuma ƙadangaru da 'yan tsaki ya fi kamawa. Jaɓa mai dogon baki da wari ku ƙyale ta, ƙwari take ci, ba hatsi ba.

Malamin Gona, Bauchi:
Guba ita ce ta ƙarshe, kuma iri biyu ce, mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Akwai baƙin gari mai warin tafarnuwa, zinc phosphide. Yana kisa a cikin dare ɗaya, amma wanda ya ɗanɗana kaɗan ya sha wuya bai mutu ba, ba zai sake kusantar wannan abincin ba har tsawon watanni. Shi ya sa ake fara zuba tsakin masara da ɗan mai babu guba dare uku, sannan a haɗa a dare na huɗu, kashi 2 cikin 100 ko yadda takardar ta nuna. Wanda ya zuba da yawa don ya fi ƙarfi, wari ya kore su. Wannan gubar ba ta da makari.

Na biyu su ne masu hana jini daskarewa, irin su brodifacoum da bromadiolone. Ɓera yakan mutu bayan kwana uku zuwa mako guda, don haka kada a ce jabu ne don ba a ga gawa da safe ba. A sa kamar giram 30 a cikin guntun bututun roba mai faɗin inci 3, tsawon kamu biyu, a danne shi da dutse a gindin bango yadda kaza, akuya ko yaro ba za su kai ga abin ba. In yaro ya ci, a tafi asibiti da kwalin nan take ko da yana wasa lafiya, don alamar tana jinkiri. Makarin wannan gubar sinadarin bitamin K1 ne. Ƙwayar Phostoxin ta turaren hatsi ce a rufaffen wuri, iskarta tana kashe mutum. Kada a jefa ta a ramin da ke cikin gidan da ake kwana.

Hajiya Mai Kaji, Zariya:
Malam, to mage fa? Kuma ana ta yaɗa haɗa siminti da gari a ajiye wa ɓeraye su ci.

Malamin Gona, Bauchi:
Hajiya, mage tana rage ƙanana, amma ba ta iya wa gafiya, kuma in ana sa guba ita ma tana iya mutuwa in ta ci gawar. Haka mujiya, wadda muke jifa saboda camfi alhali kusan kowane dare ɓera ne abincinta. Siminti da gari ban ga ya rage su ba, kaɗan-kaɗan suke ci. Kuma macen ɓera cikinta kamar mako uku ne, don haka in gida ɗaya ya yi aiki maƙwabta suka zauna, kafin wata biyu sun cike gurbin. A sa rana ɗaya da mai unguwa, kowa ya yi tare.

Ma'aikaciyar Lafiya, Jalingo:
Yayyena, saura gawar. Ɓera mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma da rani ya fi yawa. Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da ya fi taɓawa. Ta fitsari da kashinsa yake shiga abinci. Kada a ɗauki gawa da hannu tsirara: a sa leda biyu a hannu, a binne a rami mai zurfin rabin mita inda kare ba zai tono ba. Kashin kada a share shi a bushe ƙura ta tashi. A jiƙa da ruwan bilic, awo ɗaya cikin ruwa awo tara, a jira minti goma a goge. Shanyar gari a ƙasa a bar ta ta kwana, da cin naman ɓera, a bari. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya bayan kwana biyu ko uku, a je asibiti a faɗa musu akwai ɓeraye a gidan.