Ƙarfen da aka sa wa yayana a ƙugu ya fara ƙara, ina mafita?

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana mai sikila ne, tun muna yara yake kwanciya asibiti, har karatu ya bari saboda ciwo. Daga baya likitoci suka ce jini ya daina isa kan ƙashin cinyarsa, ƙashin ya mutu, aka yi tiyata aka sa masa na ƙarfe. Ya miƙe, har ya yi aure. Yanzu ga shi yana ɗingishi, matsematsinsa na ciwo, in ya tashi sai ka ji ƙas-ƙas. An ɗauki hoton ƙashi, an ce komai na wurinsa. Don Allah ya zan yi?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Wace shekara aka yi aikin, kuma wane samfuri aka sa? Nan maganar take. A 2010 kamfanin DePuy na Johnson & Johnson ya janye samfurinsa mai suna ASR, bayan an sa kusan 93,000 a jikin mutane. Rajistar masu irin wannan aiki ta Ingila da Wales ce ta nuna 12 zuwa 13 cikin ɗari sai da aka sake musu tiyata cikin shekara 5. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, ɓurɓushin kobalt da kuromiyom ya shiga nama da jini. Hoton ƙashi ba ya nuna naman da ya lalace. A gwada jininsa, a yi hoton MRI, wanda ke nuna nama.

Maman Sadiq: Ni dai kada ku bari a sake buɗe shi. Mahaifiyata aka sake wa, ciwon ya ƙi warkewa, likitan ya daina ɗaga wayarmu. Har yau ban yafe ba.

Abu Rumaisa: Baban Walid, ka tsorata ta tun ba a san me ke jikinsa ba. Akwai na tangaran, akwai mai roba a tsakani. Ga mai sikila, ƙwayar cuta a wurin aikin ita ce za a fara dubawa. Yana zazzaɓi?

Ummu Hanan: Ban san samfurin ba, takarda kuma ba a ba mu ba. Lokacin addu'armu kawai ya fito da rai, wa zai tsaya tambayar sunan ƙarfe? Kuma likitansa mutumin kirki ne.

Baban Walid: 'Yar uwa, ba kirkinsa ake magana ba. Kowane ƙarfe na zuwa da lambarsa, ana manna ta a fayil ɗin tiyata. Ku je ku nema, haƙƙinku ne. Inda babu rajista, ko an janye kaya ba mai kiran mara lafiya.

Maman Sadiq: Fayil? Namu cewa aka yi ya ɓata.

Ummu Hanan: Asibitin da nisa, shi kuma ya ce ba wanda zai ƙara taɓa shi da wuƙa. Ba wani maganin rage ciwo da zai riƙa sha kafin nan?