Kaya sun cika min ɗaki amma na kasa daina siya, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata tara da aure, 'ya'ya uku, haya muke a Kano, to an ƙara mana kuɗin haya sai Abban yara ya samo wani gidan da bai kai wannan girma ba, ƙarshen wata za mu tashi. Jiya na fara haɗa kaya wallahi sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Atamfa da leshi da ban ɗinka ba na ƙirga guda 23, wasu tun na lefe ne har sun fara dafewa a wajen ninki, ga ankon biki da na sa sau ɗaya tak buhun bakko biyu cike, ga kuloli a saman kwabet ba a taɓa zuba musu abinci ba, takalma kuwa zafi duk ya ɓare su ban ma taka su ba. Kuma duk da haka ranar Litinin na tura kuɗin mayafi biyu don kawai na gani a status. Duk ɗibar adashina a haka take tafiya, ba ni da ko sisi a ajiye, ranar da ƙaramin ya yi zazzaɓi sai da na jira babansu ya dawo kafin muka je asibiti, abin nan har yau yana ci na. Ya zan yi in rage kayan nan, musamman kayan ɗakin da Ummana (Allah ya jiƙanta) ta yi shekaru tana tara min? Kuma ya zan yi in daina siya?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumussalam. 'Yar uwa fara toshe inda ruwan ke shigowa kafin ki fara kwalfewa. Yau ɗin nan ki bi duk masu saida kayan da ke wayarki ki yi muting ɗin status ɗinsu, ki fita daga gurup ɗin 'yan oda. Ni abin da ya taimake ni kenan, idan abu ya burge ni sai in rubuta a takarda in jira sati biyu, wallahi yawanci kafin lokacin na ma manta da shi.

'Yar Zazzau: Anko ne babbar matsalarmu gaskiya. Biki ɗaya a fitar da na kamu daban na dina daban na yini daban, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, turmin da kike siya da ɗinki da gwaggwaro yanzu kuɗin cefanen kwanaki ne. Ni na yanke, ankon 'yan ɗakinmu kawai nake yi, sauran in tambayi kalar in sa mai kama da ita a cikin kayana in kai gudummawata a hannu.

Ummu Abdallah: @'Yar Zazzau faɗa da sauƙi, a dangin miji ki ƙi yin anko ki ga yadda za a yi da ke.

'Yar Zazzau: Za a yi magana biki ɗaya ko biyu daga nan a saba, ni ma sai da aka ce min mai baƙin hali. Amarya kuɗin da kika ba ta ya fi mata amfani da ki zo kin yi kala ɗaya da mutane.

Hajiya Babba: 'Yata ki saurare ni a kan kayan mahaifiyarki. Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna ce makomarta. Mu a zamaninmu kwalla da tasa da samira ake jera wa yarinya, uwa tana tarawa tun 'yar tana goye, ba don ado kaɗai ba, jari ne, ranar da matsi ya zo a ɗauki ɗaya a sayar a rufa asiri. Don ki amfana ta tara miki, ba don su yi ƙura ba. Ki zaɓi biyu ko uku waɗanda in kin gani kike tuna ta ki riƙe, ki rinƙa cin abinci a ciki ma. Sauran ki nemi marainiyar da za a aurar a unguwarku, iyaye nawa ne yanzu biki ya matso ba su da ko kula ɗaya, ki ba ta da niyyar Allah ya kai ladan kabarin Ummanki. Kada ki yi shi a ɓoye, ki fara sanar da 'yan uwanki ko akwai mai so a cikinsu don kar ya zama abin rigima.

Anti Mai Ɗinki: Atamfofin da ba a yanka ba kuɗi ne a kwance, kar ki kyautar duka. Ki kira dillaliya amma ki fara tambayo farashinsu na yanzu a Kantin Kwari kafin ku yi ciniki, kuma ki rubuta duk abin da kika ba ta, kar ki bari ta kwashe gaba ɗaya, biyar biyar in ta kawo kuɗi ta ɗauki wasu. Ki ware huɗu na sallah biyu da fitar unguwa sun ishe ki shekara. Robobi da tukwanen da suka mutu 'yan jari bola za su siya.

Maman Amira: Lokacin ambaliyar Maiduguri a Satumbar 2024 na fitar da akwati guda na kayan sawa na bayar, har yau ban nemi ko ɗaya ba. Kuma ki rinƙa tuna ayar Suratul Isra'i da ta ce masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu ne. Sai dai ki duba kanki, yaushe kike siyayyar? Ni na lura sai raina ya ɓaci ko kaɗaici ya dame ni nake ɗaukar waya.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka da alheri. Maman Amira kin taɓo inda yake min ciwo, tun rasuwar Umma abin ya ƙaru, da dare in yara sun yi barci ba ni da wanda zan kira. Hajiya na yi wa yayata waya ta ce tana son farantan tangaran, kuma akwai 'yar maƙociyarmu da za a kai bayan sallah mahaifinta ya rasu, gobe in sha Allah zan shiga wajen mamanta da kulolin. Anti Mai Ɗinki in dillaliya ta kawo kuɗin a ina kike ganin zan ajiye, don in suna cikin asusun wayata na san ba za su kwana ba.