Neman Shawara: Kowa Yana Yi Mini Kwana-kwana a Binciken Manemin Ƙanwata

Assalamu alaikum. Ni ne waliyyin ƙanwata tun bayan rasuwar mahaifinmu, kuma wani mazaunin Kano ya fito neman aurenta, amma duk wanda na tuntuɓa a unguwarsu sai ya kauce wa tambayata. Maƙwabcinsa ya ce mini ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, limamin masallacinsu kuma ya ce yana ganinsa a sahu, bai ƙara komai ba. Shi kansa manemin, da na tambaye shi sana'arsa sai ya ce yana buga-buga, rabuwarsa da matarsa ta farko ya ce zama ne ya ƙare, gwajin jini kuwa kullum amsar ita ce za a yi. Shin kawaici ne wannan, ko akwai abin da ake rufewa?

Amsar wani malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutanenmu suna gudun a ce su suka ɓata aure, kuma da yawansu suna zaton faɗin aibin manemi giba ce, alhali malamai sun lissafa shi cikin wuraren da shari'a ta halatta ambaton aibin mutum. Muslim ya ruwaito cewa da Fatima bint Ƙais ta shaida wa Manzon Allah (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, sai ya gaya mata ƙarara cewa Mu'awiya matalauci ne, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗarsa, wato mai dukan mata ne, sannan ya ce ta auri Usama bin Zaid. Ka koma wurin liman kai kaɗai, ka yi masa alkawarin maganar ba za ta fita ba, sannan ka tambaye shi: da 'yarsa ce, zai ba shi? Idan ya sake kewaye-kewaye a kan wannan, to ya riga ya amsa maka.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:
Yallaɓai, gwaji ba alfarma ba ce da zai yi muku. Tun 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin rukunin jini na sikila, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki kafin a ɗaura aure. Idan su biyun AS ne, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Ku zaɓi asibitin da kanku, su je tare, domin takardar da mutum ya kawo daga aljihunsa ba abin dogaro ba ce.

Amsar wata dattijuwa:
Ɗana, kana ta tambayar maza, su kuwa iyakar saninsu masallaci da majalisa. Halin namiji a cikin gida mata ne suka san shi. Ka tura gwaggonku ko wata babbar mace mai hankali ta shiga gidajen maƙwabtansa, ta kuma nemi dangin matar da ya saki, sai dai a auna maganarsu da kyau saboda wanda aka ɓata wa rai yakan ƙara gishiri. Batun buga-buga kuwa, ka ce ya kai ka inda yake neman abincinsa, kuma kada ku karɓi kuɗin gaisuwa sai ka gani da idonka.