Bayan an wuce V1, matuƙin jirgin sama zai iya fasa tashi?

Mai_koyon_tuƙi:
Assalamu alaikum. Jiya a na'urar kwaikwayon jirgi, malamina ya kashe min injin hagu ana gama kiran V1, wato gudun da in jirgi ya kai shi a kan titi ake cewa tashi ya zama dole. Ban ma san lokacin da hannuna ya janye wutar injinan ba, ƙafafuna suka hau birki. Titin ya ƙare, jirgin bai tsaya ba, sai cikin ciyawa. Abin ya hana ni barci. Zuciyata ta ƙi yarda a ce inji ya mutu, ina ƙasa, kuma in ɗaga jirgin sama da hannuna. Don Allah a fahimtar da ni hikimar.

Tsohon_Kyaftin:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Kafin kowane tashi ake lissafa V1, da nauyin jirgi, da tsawon titi, da zafin gari, da iska, da ko titin a jiƙe yake. Ma'anarsa, in ka kai wannan gudun ba ka soma tsayawa ba, ragowar titin ba lalle ya ishe ka ba. Jirgin da ke gudun kilomita 280 a awa yana cinye kusan mita 78 duk sakan ɗaya, sakan biyu na shakka kaɗai sun kwashe fiye da mita 150. Shi kuwa jirgin fasinja mai inji biyu, ba a ba shi izinin aiki sai an tabbatar zai tashi da inji guda. Shi ya sa da an ce V1 muke ɗauke hannu daga sandunan ba injina wuta, kada tsoro ya riga hankali. A 1996 a Fukuoka ta Japan, jirgin Garuda samfurin DC-10 ya fasa tashi bayan V1 saboda inji ɗaya ya lalace. Ya zarce titi, ya kama da wuta, mutum uku suka rasu.

Injiniyar_jirgi:
Ranka ya daɗe, ban ƙi ta taka ba, amma kada ya ɗauka babu togaciya. Maris 2017, jihar Mishigan a Amurka, wani jirgi samfurin MD-83 ya wuce V1, kyaftin ya ja sitiyari, hancin jirgin ya ƙi ɗagawa. Ashe iska mai ƙarfi ta maƙale wani sashen wutsiyar tun jirgin yana ajiye. Ya taka birki, suka fasa shinge, duk mutum 116 suka fita da rai. Hukumar NTSB, mai binciken haɗurran sufuri a Amurka, ta ce ya yi daidai.

Tsohon_Kyaftin:
Haka ne Hajiya, wancan jirgin ba zai tashi ba ko an so, kuma ita ce kaɗai ƙofar da littafin ƙa'idojin tuƙi ya bari. Abin da nake tsorata masa shi ne ƙara da girgiza. A 2008 a Karolina ta Kudu taya ce ta fashe wa wani ƙaramin jirgi samfurin Learjet 60, aka fasa tashi bayan V1, mutum huɗu suka mutu.

Mai_koyon_tuƙi:
Na gode ƙwarai. Ranar Alhamis zan roƙi malamin ya maimaita min, har da fashewar taya. Amma Kyaftin, a cikin sakan ɗaya ta yaya ake bambance jirgin da ke jijjiga kawai da wanda ba zai tashi ba?