Yadda za a taimaki masu kwana a waje

Da hunturu ya kama a Kano, hirar majalisarmu ta koma kan bayin Allah da ke kwana a ƙarƙashin gada da bakin tasha. Babu wanda ya ce kada a taimaka, gardamar a kan yadda za a yi ce.

Maganar kuɗi aka fi daɗewa a kai. Wasu suka ce a miƙa kawai, mai buƙata ya fi kowa sanin damuwarsa. Wani dattijo ya ƙi, ya ce in akwai alamar shaye-shaye, gara ka biya mai shayi ko mai ƙosai ya riƙa ba shi kowace safiya. Nan na karkata, ko da yake ba kowane mai kwana a titi ne ɗan maye ba.

An yarda bargo, rigar sanyi da man shafawa sun fi ɗanyar shinkafa amfani, tunda ba shi da murhu. Ka gaishe shi, ka tambaye shi kafin ka saya. Ɗaukar hotonsa don Facebook kuwa, kowa ya yi tir. Mai taɓin hankali, a nemi danginsa ta hannun mai unguwa, a kai shi asibitin Dawanau.